Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Rage Ƙiba da Aljihun Talaka

A makon jiya na tsaya a inda likita ta auna jinina ta ga ya haura 140/90. Ta ce, "Malama, idan ba ki rage jiki ba, zuciyarki da gwiwoyinki ne za su ci gaba da wahala." Sai ta miƙo mini takardar abincin da zan riƙa ci: tuffa, acca, gasasshen kifi, tsokar kaza.

Ƙarshen shekarar 2023 ne, 'yan watanni bayan Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu. Albashina na koyarwa ba ya kai mu tsakiyar wata, Abban yara kuma tela ne, kuma mai neman na tuwo ba ya kai ɗinki. Gidan da ake auna shinkafa da gwangwani, ina zai ga tuffa?

Mutane da yawa ba su yarda cewa rashi ma yana sa ƙiba ba. Abin da ya fi araha da saurin cika ciki shi ne taliya da manja da yaji, garin kwaki da sukari, burodi da shayi mai zaƙi, fanke. Duk gari ne da mai da sukari. Ki ci ki ƙoshi, kafin azahar yunwa ta dawo, ki sake ɗorawa. Ni shaida ce.

Innata ce ta buɗe mini ido da ta zo daga ƙauye. Na karanta mata takardar likita, ta saurara har ƙarshe, ta ce, "'Yar nan, mu da muka tashi da kwaɗon rama da tafasa, wa ya san hawan jini? Ga bishiyar zogale a tsakar gidanki, awakin maƙwabta kaɗai ke morar ta."

Daga nan na sauya tsarin tukunyata. Mu huɗu a layinmu muka riƙa haɗa kuɗi, ƙanena ya je Dawanau ya auno mana wake da waken suya da dawa, mu raba. Kayan miya kuwa sai yamma nake zuwa Yankaba, lokacin da masu alayyahu da kabeji suka ƙagu su tashi, su kan sassauta farashi.

Awara ce ta maye mana gurbin nama. Na jiƙa waken suya, a niƙo, in tace, in ɗora a wuta, idan ya tafasa in zuba ruwan tsami ya dunƙule, in matse a ƙyalle. Maimakon in soya ta cikin mai tsamo-tsamo, sai in yanka ta cikin miyar ganye, ta sha daddawa da citta. Yaran sun yi tsaki a farkon fari, yanzu su ke tambayarta. Tuwo ban daina ci ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya daina. Malmala ɗaya ta dawa nake ɗauka maimakon biyu, rabin kwanon kuma ganye: yau kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli kaɗan, gobe faten wake da yakuwa. Mai da a da nake kwararawa da ludayi, na koma aunawa da cokali, sai ga kwalba tana yi mana kwanaki. Lemon kwalba na bar shi gaba ɗaya tun da na san cewa mai 50cl na ɗauke da sukari fiye da cokalin shayi 10. Zoɓo nake dafawa da kanumfari, ba sukari.

Kuɗin adaidaita sahu ya ninka, don haka na fara takawa zuwa makaranta da sanyin safiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, tafiyar nan kaɗai ta cike mini su.

Jiki ya fara sauka, numfashi ya daidaita, ina ruku'u ba ciwon gwiwa. Abin da ya fi yi mini ciwo bakin mutane ne. A wurinmu ƙiba alamar hutu ce, rama kuwa tonon asirin miji. A wani biki na ji ana raɗa, "Ko kishiya za a yi mata?" Surukata ta kira ɗanta a gabana ta ce, "Kai, yunwa kake bar wa 'yar mutane?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, wallahi umarnin likita ne." Ba ta gamsu ba sai da na kai mata katin asibiti aka karanta mata awon jinina na da da na yanzu. Ranar ta sa mini albarka, ta kuma ce in riƙa aiko mata da awarar.

Ana cikin haka azumin 2024 ya kama a watan Maris, ga ƙosai da kunun gyaɗa da soye-soyen buɗa-baki, ga kuma baƙi daga ƙauye sun cika mana gida. Yadda muka kwashe da wannan watan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.