Me za ki dawo mana da shi?

Talata.

Da murnata na fara aiki yau. Saƙon Oga na tarar: an ware wa kowa kuɗin ƙaro ilimi na bana, taro ɗaya ko kwas ɗaya, kowa ya miƙa zaɓinsa kafin Alhamis. Ban ma kai ƙarshen saƙon ba na buɗe shafin Write the Docs, taron masu irin aikina na rubuta bayanan manhaja. Kun san ni da taron nan. Tun 2013 suke yin sa a Portland ta Amurka, ni kuwa shekara uku ke nan ina leƙensa ta YouTube kamar mai leƙe ta taga.

Minti biyar na cike fom, na kai masa da hannuna.

Ya karanta, ya cire tabarau ya ɗora a kan takardar. In dai tabarau ya sauka, to akwai magana.

"Malama, me za ki dawo mana da shi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai taron masu rubuta bayanan manhaja ne, gwanayen fannin duk can suke haɗuwa."

"Na ji. Ba ke kika ce mini jawaban nasu ana ɗora su kyauta a intanet ba?"

Ni ce na faɗa masa, watan jiya, ina ta zuba. Baki shi ke yanka wuya.

Sai na shiga kame-kame. Na ce akwai ranar rubutu kafin a fara jawabai, inda ake zama tebur-tebur ana gyara bayanan manhajojin da kowa ke iya sa wa hannu. Na ce akwai zauren da ba a tsara masa komai tun farko, mutum ya rubuta abin da ke damunsa, masu irin damuwar su zagaye shi. Har gajerun jawaban nan na minti biyar-biyar sai da na kawo. Yana ta gyaɗa kai. Da na yi shiru ya juyo mini da kwamfutarsa, ya nuna mini ƙorafin da ya shigo makon jiya: wani ya bi misalin da na rubuta na API ɗinmu (ƙofar da wasu manhajoji ke bi su yi magana da tamu) layi-layi, abu ya ƙi aiki, saboda injiniyoyi sun canza sunan wani gurbi wata biyu da suka wuce, ba wanda ya gaya mini.

"Wannan fa? Portland za ta gyara shi?"

A hankali ya yi tambayar. Da ma faɗa ya yi, da na samu wanda zan ji haushi.

Abin da ya fi ci mini rai, gaskiyarsa ce. Maganin wancan ƙorafin shi ne in iya karanta fayil ɗin OpenAPI da ke zayyana tsarin API ɗin da kaina, in kuma daina tsoron Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin canje-canjen manhaja, yadda duk canjin da suka yi zan gan shi kafin mai ƙorafi ya gani. Wannan kuwa kwas yake so, na zama gaban kwamfuta, da aikin gida, da malamin da zai duba ya ce nan kika kauce. Ba sai an hau jirgi ba.

Da rana na baje sauran don kada a ce ban duba ba. Akwai tcworld na ƙungiyar tekom a Stuttgart ta Jamus, cikin Nuwamba. Babban taro ne, amma ya fi dacewa da masu rubuta littattafan na'urori da masu aiki da tsarin rubutu na DITA, mu kuwa tsarin Markdown mai sauƙi muke fama da shi. Kwas biyun nan na Google kan rubuta bayanan fasaha kyauta ne, na farkon ma na gama shi tuni. Yaya kullum maganarsa a nemi mai takardar shaida. To, STC, ƙungiyar masu rubuta bayanan fasaha da tushenta ya faro tun 1953, mai shaidar CPTC, a Janairun 2025 ta rufe. Tun daga nan ɗokin jera haruffa a bayan suna ya ragu mini.

Kai na ciwo tun azahar. Firinta ta sake cinye takarda.

Ga abin da ban faɗa wa Oga ba. Injiniya goma sha ɗaya ne a sashenmu, marubuciya ɗaya. Sai in yini ina juya shafi guda, darasi ne wannan ko jagorar aiki, irin yadda tsarin Diátaxis ya kasa bayanan manhaja gida huɗu, in waiwaya babu wanda zan tambaya. Rannan na gwada tambayar na kusa da ni, ya cire abin kunnensa ɗaya ya ce, "Anti, duk yadda kika sa ya yi." So nake, ko na kwana uku ne, in zauna cikin mutanen da ba sai na fara yi musu bayanin mene ne aikina ba. Ta yaya ake rubuta wannan a layin da aka ce amfanin da kamfani zai samu?

Fom biyu ne yanzu a jakata. Na kwas ɗin a cike yake tsaf, ko gogewa babu. Na Portland na goge layin nan sau uku, takardar har ta fara hujewa. Misalin API ɗin dai na gyara shi kafin in tashi. Kalma ɗaya ce.