Akwatuna uku a ƙarƙashin gado

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa mabuɗin ofis, bayan shekara shida ina karanta takardun masu neman tallafi a wata ƙaramar gidauniya da ke kudancin ƙasar Sin. Karatun Sinanci ne ya kai ni Guangzhou, shi ne kuma ya zaunar da ni a wannan kujera, inda muke raba kuɗin wani attajiri, mai gidanmu, ga masu tsara baje kolin zane-zanen zamani da masu bincike a fannin. An ce in bar wa wanda zai gaje ni 'yan shawarwari. Duk sanda na ɗauki alƙalami, magana ɗaya ce ke tare mini hanya.

A shekarata ta biyu wata matashiya ta aiko da takarda. Abin da ta nema bai kai kuɗin da muke kashewa a liyafar buɗe baje koli guda ba. So take ta yi wata takwas tana zuwa gidan wani dattijo, ɗaya daga cikin masu zanen da suka taso a guguwar sabon salon zane ta 1985, ta naɗi muryarsa, ta ɗauki hoton wasiƙu da mujallun da ya tara cikin akwatuna uku a ƙarƙashin gadonsa.

Na san darajar waɗannan takardu sarai. Wannan fasaha a wajen gidajen gwamnati ta girma. A 1979 masu zane 'yan ƙungiyar Taurari a jikin shingen babban gidan zane na ƙasa da ke Beijing suka rataye ayyukansu, don ba su samu wuri a ciki ba. A Fabrairun 1989, da aka ba sababbin masu zane zauren, 'yan sanda sun rufe shi a ranar farko bayan wata mai zane, Xiao Lu, ta harbi aikinta da bindiga. Mafi yawan tarihin waɗannan shekaru a hannun mutanen da suka yi shi ya rage, cikin kwalaye da aljihun tebur. Shi ya sa cibiyar adana tarihin zane ta Asia Art Archive, wadda Claire Hsu da Johnson Chang suka kafa a Hong Kong a 2000, ta shafe shekaru tana bin tsofaffi gida-gida tana tattara takardun shekarun 1980.

Amma fom ɗinmu yana da wani gurbi: mutum nawa za su ga sakamakon aikin? Da na kai wa shugabarmu takardar, ko shafi na biyu ba ta buɗe ba. Cewa ta yi, "To a ina za mu manna sunan mai gida? A jikin akwati?" Na koma teburina na ba wa takardar maki kaɗan. Ba wanda ya riƙe mini hannu. Ni na rubuta wasiƙar ba da haƙuri, ni na sa hannu. Kuɗin ya tafi ga wani baje koli na mako shida, sunan mai gida a rubuce da manyan baƙaƙe a bakin ƙofa.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ta sake rubuto mini. Dattijon ya rasu. Iyalinsa sun tashi daga gidan, sun tarar danshi ya cinye akwati biyu, na ukun kuma suka sayar wa masu sayen tsofaffin takardu a kan sikeli. Ta kira ni "laoshi", wato malam, alhali da kaɗan na girme ta. Babu kalmar zargi ko ɗaya a wasiƙar. Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Abin da har yau ban haɗiye ba shi ne wannan. Da mai gida ya tambaya a taron kwamiti me ya sa ba mu da komai a kan shekarun 1980, shugabar ta zaro takardar makina ta ajiye a gabansa, ta ce ma'aikacinmu ne bai ga amfanin aikin ba. Ta faɗi gaskiya rabi. Na yi shiru, don hannuna ne a takardar. Mun ci gaba da gaisawa har ranar da na tafi, amma ban ƙara kai mata wata takarda ba sai na rubuta ra'ayina, na sa kwanan wata, na ajiye kwafi.

Ba raina manyan kyaututtuka nake ba. Uli Sigg, tsohon jakadan Suwizalan a Beijing, ya ba gidan adana zane na M+ da ke Hong Kong ayyuka 1,463 a 2012, tun kafin nan kuma ya ware wa masu sharhin zane kyautarsu ta daban. Gidauniyar iyalan Robert H. N. Ho ta zuba dala miliyan 10 a gidan zane na Guggenheim da ke New York a 2013, inda Hou Hanru da Xiaoyu Weng suka tsara baje koli. Alheri ne babba. Sai dai bango ba ya rasa mai biya. Wanda ke rasa mai biya shi ne mai binciken da buƙatarsa kuɗin jirgin ƙasa ne da hayar ɗaki. Kuma duk ginin da ya jingina da aljihun mutum ɗaya, ranar da aljihun ya yi sanyi za a ji a jiki. Guy Ullens da matarsa sun buɗe cibiyar zane ta UCCA a unguwar 798 ta Beijing a 2007, suka sayar a 2017. Gidan zane na Times da ke nan Guangzhou ya rufe ƙofa a 2022, lokacin da kasuwar gine-gine ta karye wa kamfanin da ke ɗauke da shi. Na ga abokaina suna kwashe littattafansu a kwali.

Sauran shawarwarin ga magajina a taƙaice. Tun Janairun 2017 ƙungiyoyin waje sai sun yi rajista da ma'aikatar tsaron jama'a, don haka kuɗin da zai shigo daga waje, ko daga Hong Kong ne, ka tabbatar da hanyarsa kafin ka yi wa kowa alkawari. Ka biya kafin a fara aiki. Matashin mai bincike ba shi da abin da zai kashe ya jira a mayar masa. Ka bar mutum ya rubuta takardarsa da Sinanci. Kada ka wallafa taken binciken kowa sai ka tambaye shi, shi ya san abin da zai iya jawo masa.

Gurbin nan na ƙidayar 'yan kallo babu shi a fom ɗin yanzu. Shekara biyu na yi ina fama kafin a cire shi, aka kuma ware ɗan kaso ga masu naɗar hira da adana takardu. Matashiyar dai ba ta sake nema ba, ko da na rubuta mata sau biyu. Takardarta tana aljihun tebur na sama, da makin da na ba ta a kai. Na bar wa magajina ita a nan.