Yadda gilashi ya koya mani haɗa magani

Ni dai ba aikin gilashi na karanta ba, istaj ne ya kai ni wani ƙaramin labo na harhaɗa magani nan Damagaram a 2020, daidai lokacin da korona ta shigo Nijar cikin watan Maris, kowa na neman ruwan goge hannu ga shi ya yi tsada, wani lokaci ma ka zagaye farmasi uku babu. Madam ɗin da ke riƙe da labon ta ce namu za mu haɗa bisa tsarin da OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta fitar. Har yau lissafin yana kaina kamar karatun allo: in lita 10 kake so, alkol mai ƙarfin 96 mililita 8333, o oksijene mai kashi 3 cikin ɗari mililita 417, giliserin mililita 145, sai ka cika da tataccen ruwa har layin lita 10, ka rufe ka ajiye awa 72 kafin a taɓa, don o oksijenen ya kashe abin da ya maƙale cikin kwalaben.

To ana cikin haka bututun gilashin da ruwa ke fitowa na injin tace ruwanmu ya karye a hannuna wajen wanki. Haɗin ruwan goge hannu kam ko tafasasshen ruwan da ya huce zai yi, amma sauran aikinmu tataccen ruwa yake so. Sayo sabo kuwa ba hali, don a lokacin Yamai an killace ta, ga nisa wajen kilomita 900, Kano da ke kusa kuma iyaka rufe take tun Agustan 2019. Sai na ce ma Madam ta bar ni in gwada gyara, ta dube ni ta ce gwada ɗana, amma duk abin da ka yi ka rubuta a kaye, har wanda bai yi ba.

Na samo wani guntun bututu cikin kwalin tarkace, na kai wajen mai walda muka narka bakin biyun muka haɗa, wallahi ya yi kyau a ido. Ban kai labo ba na ji ƙas cikin tsumman da na naɗe shi, ya tsage daidai mahaɗin. Na sake washegari, haka. Madam ce ta zaunar da ni ta ce gilashi ba iri ɗaya ba ne. Na injin borosilikat ne, irin na Pyrex da kamfanin Corning na Amurka ya fara saidawa a 1915, kuma tun kafin nan Otto Schott ya yi aiki a kansa a Jena ta Jamus. Guntun da na ɗauko kuwa gilashin gama-gari ne irin na taga da kwalbar lemo. In zafi ya taɓa su na gama-garin yana buɗewa kusan ninki uku, lambar buɗewarsa wajen 9 ce, na borosilikat 3.3, donk wajen hucewa ɗaya na ja da ƙarfi ɗaya na ja a hankali, dole mahaɗin ya bari. Kuma ko iri ɗaya ka haɗa, sai an riƙe shi wajen digiri 560 an bar shi ya sauka sannu sannu, in ba haka ba gajiyar tana ciki tana jiran ranarta. Mu kuwa daga wuta sai iska muka yi.

Wanda ya koya mani hannu wani dattijo ne mai yankan gilashin taga da madubi wajen kasuwar Dole. Na kai mashi wani faifan gilashi da nake so in huda don sa ma'aunin zafi, na riga na fasa biyu da injin huda. Ya juya su ya ce ɗana a bushe ka huda ko? Na ce e Baba. Ya ce gilashi ba a huda shi, cinye shi ake yi. Ya kewaye wurin da kwaɓaɓɓen yumɓu kamar ɗan tabki, ya zuba ruwa, ya sa baki mai garin daimon, injin na juyawa a hankali bai danna ba ko kaɗan, ruwan ya yi fari kamar nono, da ya kusa ɓullewa sai ya juya faifan ya ƙarasa ta baya don kada bakin ramin ya ɓantare. Ruwan nan aiki biyu yake, yana sanyaya wurin kuma yana riƙe ƙurar, don ƙurar gilashi ba abin shaƙa ba ce. Wajen yanka kuma ya ce zane ɗaya tak, kada ka maimaita, kuma ka karya nan take kada ka bar shi ya kwana. Na fi awa biyu zaune kan bencinsa, da na miƙa kuɗi jaka guda kawai ya karɓa ya ce sauran in sai gilashin ido na kariya.

A ƙarshe ban sake narka komai ba. Wani fasasshen bututun borosilikat na samu, na zana da zarto na jiƙa wurin na karya cikin tsumma, na goge bakin kada ya yanka, na haɗa su da tiyon silikon. Injin ya tashi.

Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne da na koma teburin haɗi sai na fara ganin kwalaben da wani ido. Da can mazubi kawai nake ganinsu. Sai na lura kowace kwalbar awo an rubuta mata digiri 20 a jiki, ma'ana a wannan sanyin layinta ke faɗin gaskiya, mu kuwa a Afrilu in kuran ya ɗauke ɗakin na haura 40. Alkol yana kumbura da zafi, kusan mililita ɗaya a kowace lita kan kowane digiri, kuma alkometir, ma'aunin ƙarfin alkol, in ruwan ya yi zafi sai ya nuna maka ƙarfin da ya fi na gaskiya. Haɗina na farko da rana tsaka na auna na ga ƙarfinsa ya wuce 80 ɗin da ake so ina murna, Madam ta sa na auna zafinsa na duba teburin gyara, sai ga shi ya gaza. Wani abu kuma, alkol da ruwa in sun haɗu tsukewa suke, 50 da 50 ba su ba ka 100, wajen 96 suke bayarwa, shi ya sa tsarin bai faɗi yawan ruwan ba, cewa ya yi ka cika har layi. Daga nan muka mai da awo bayan sallar asuba kafin gari ya ɗauki zafi.

Har kwalbar zubawa ma da magana. Gilashin gama-gari yana sakin gishirinsa kaɗan kaɗan cikin ruwan da ya daɗe ciki, shi ya sa maganin allura mai ruwa aka fi zuba shi a borosilikat da ake kira nau'i na 1, mai gudun haske kuma a kwalba mai ruwan ƙasa. In na wuce na ga magani shanye a rana kan tire bakin tasha raina na ɓaci sosai, don na san uwa ce za ta saya ta ba ɗanta.

Kayen nan yana nan wurina, shafi huɗu na farko duk tsagewa ne da dalilinta. Ƙanwata da ta shiga istaj bana ta ara, ta dawo mani da shi ta ƙara shafi biyu na nata.