Abin da tarihin ƙungiyoyin maƙeran agogo ya koya mini a bakin teburina

Na fara zama gaban teburin gyaran agogo ina ɗan shekara goma sha biyar, ranar da mahaifina ya kama hannuna daga gidanmu a Aboabo ya kai ni wurin wani mutum mai ɗan akwatin gilashi a bakin kasuwar Kejetia ta Kumasi, ya miƙa masa goro da abin da ya sawwaƙa, ya ce ga yaro nan amana. Shekara biyu cur na yi ban buɗe bayan agogon kowa ba. Aikina shi ne share tebur, da wanke ƙananan ƙarafa a cikin murfin kwalba da ɗan fetur, da rarrafe a ƙasa ina neman sukurun da ya kuɓuce daga bakin hantsaki, wanda sau da yawa bai kai ƙwayar gero ba. Maigidana, wanda har yau Baba nake ce masa, shi ma a hannun wani Bayarabe ya koyi sana'ar, kuma akwatin kayan aikin da muke amfani da shi na Bayaraben ne. Ya bar masa shi a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Firaminista Busia ta Ghana ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su bar ƙasar.

Duk tsawon shekarun nan mu masu gyaran agogo a Kumasi ba mu da wani abin da ya haɗa mu sai gaisuwa da aron kayan aiki. Mahauta suna da Sarkin Fawa, makanikai da maƙeran Suame suna da ƙungiyoyinsu, mu kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Sai da aka fara aikin sake gina Kejetia a 2015, kowa ya shiga neman inda zai dasa teburinsa, sannan muka gane cewa mai tebur ɗaya ba shi da bakin magana a inda ake rabon wuri. Muka taru bayan sallar La'asar a wani zaure a Asawase, muka yanke kuɗin wata, muka kafa adashi, aka kuma ɗora mini aikin magatakarda saboda na ɗan yi boko. Aikin farko da aka ba ni shi ne rubuta dokokin ƙungiya.

Ba zan ɓoye ba, da wata manufa a zuciyata na karɓi alƙalamin. Abin da ya fi ci mini rai a lokacin shi ne samarin da ke yawo da faranti cike da agogunan Sin masu araha da batura, da kuma yaran da ke gyaran wayar salula waɗanda idan aka kawo musu agogo ba sa cewa ba su iya ba. Mutumin da bai taɓa ganin cikin agogo mai wani ba, wato wanda ake murɗawa ba mai batir ba, zai sa wuƙa ya ɓalle murfi, ya canza batir, ya karɓi kuɗin da ni sai na yi rabin yini kafin in same shi. Na ƙudurta cewa doka ta farko za ta hana duk wanda bai yi shekara biyar a hannun maigida ba taɓa agogon mutane. Domin in ƙarfafa hujjata, na roƙi ɗan ƙanena da ke karatu a Jami'ar Kwame Nkrumah ya nemo mini yadda Turawa suka tsara irin wannan ƙungiya. Ya kawo mini takardu masu yawa, na yi makonni ina karantawa da dare.

Farkon abin da na karanta ya faranta mini rai ƙwarai. A Landan, kafin maƙeran agogo su sami ƙungiyar kansu, yawancinsu a ƙarƙashin ƙungiyar maƙeran baƙin ƙarfe suke, domin agogon farko na hasumiya aikin ƙarfe ne da wuta. Tun 1622 suka kai kuka gaban sarki cewa baƙi, musamman Faransawa, suna cinye musu kasuwa, amma sai a watan Agusta na 1631 Sarki Charles na Ɗaya ya ba su takardar izini ta sarauta. Takardar ta ba su iko a kan sana'ar a cikin birnin da mil goma kewayensa. Yaro zai yi shekara bakwai a hannun maigida kafin a yaye shi, kuma shugabannin ƙungiyar suna da ikon shiga shagon mutum su bincika kayansa, in sun tarar da aikin ha'inci su ƙwace su farfasa. A Jeneba ta ƙasar Suwizalan ma an riga su, domin tun 1601 maƙeran agogo suka kafa tasu ƙungiyar da dokokinta, bayan tsauraran dokokin zamanin Calvin, wani jagoran addinin Kirista a birnin, sun hana ado da zinariya, maƙeran farfaru suka karkata ga ƙirar agogo. Na ce a raina, to, ga shi nan a rubuce, abin da nake nema ke nan.

Da na ci gaba da karatu sai na fara cin karo da abubuwan da ba su dace da hujjata ba. Shugaban farko na ƙungiyar Landan, David Ramsay, mutumin Sukotlan ne da ya yi zaman aiki a Faransa, wato ƙungiyar da aka kafa saboda kukan baƙi ta fara ne da shugaban da shi ma ba ɗan gari ba ne. Bayan 1685, da sarkin Faransa ya soke dokar da ke kare Kiristocin da ba 'yan Katolika ba, masu sana'a da yawa suka tsallaka zuwa Landan da Jeneba da gwanintarsu, kuma wannan ƙaura tana cikin abubuwan da suka ɗaukaka aikin biranen biyu. Ina karanta wannan ina duban akwatin Bayaraben da ke gefena. Mu kanmu 'yan zango jikokin fataken goro ne da suka sauka a ƙasar Asante, saboda haka bai kamata a ce ni ne mai rubuta dokar korar baƙo ba.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne yadda Ingila ta rasa sana'ar gaba ɗaya. A ƙarni na 18 ita ce kan gaba a duniya, ita ta haifi Thomas Tompion da George Graham, waɗanda dukansu sun shugabanci ƙungiyar, da John Harrison wanda agogonsa ya warware wa masu jirgin ruwa matsalar sanin inda suke a tsakiyar teku. Ƙungiyar ta yi rana a 1797, lokacin da gwamnatin Firaminista William Pitt ta ɗora haraji a kan mallakar agogo, sule biyar a kan na bango, sule goma a kan na zinariya. Mutane suka daina saye, masu sana'a suka shiga yunwa, aka yi ta kai kuka majalisa har aka soke harajin a 1798. Wannan aiki ne da mutum ɗaya ba zai iya ba. Amma haɗin kan nan da ya kayar da haraji shi ne kuma ya tare wa injin hanya. A farkon shekarun 1840 wani ɗan Suwizalan mai suna Pierre Frédéric Ingold ya nemi kafa kamfanin ƙera agogo da injuna a Landan, masu sana'ar hannu suka taso masa, majalisa ta ƙi amincewa da buƙatarsa. Ba a daɗe ba Amurkawa suka yi abin da Ingila ta ƙi, a masana'antar Waltham, inda injin ke fitar da ƙarafa iri ɗaya da za a iya cire na wannan agogo a sa wa wancan. Kafin mutanen Ingila su farga, kasuwa ta wuce su.

Mutanen Suwizalan sun bi wata hanya dabam. Tsaurin dokokin Jeneba ya sa sana'ar ta malala zuwa ƙauyukan duwatsun Jura, irin su Le Locle da La Chaux-de-Fonds, inda manoma ke yin ƙarafan agogo a gida a lokacin hunturu ba tare da neman izinin wata ƙungiya ba. Da wakilansu suka je baje kolin Filadelfiya a 1876 suka ga abin da injunan Amurka ke yi, sun dawo a tsorace, wani injiniya mai suna Jacques David ya rubuta rahoto ya gaya wa 'yan'uwansa gaskiya mai ɗaci, su kuma suka karɓa suka shigo da injin. Sun ga gemun Ingila ya kama wuta, sun shafa wa nasu ruwa. Duk da haka, bayan kusan shekara ɗari su ma barci ya ɗauke su. Ranar 25 ga Disamba 1969, makonni kaɗan bayan Bayaraben nan ya bar wa Baba akwatinsa, kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai batir da ɗan dutsen kwaz da aka kai kasuwa. Injiniyoyin Suwizalan sun san fasahar, har sun ƙera samfurinta a garin Neuchâtel, amma masana'antunsu suka yi nawa. Ma'aikatan agogo a ƙasar, waɗanda suka kai kimanin 90,000 a 1970, suka ragu zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku a tsakiyar shekarun 1980. Sai da manyan ƙungiyoyinsu biyu suka haɗe a 1982, manyan kamfanoni biyu suka haɗe a 1983, aka fito da Swatch na roba mai araha, sannan numfashi ya dawo.

Duk wanda ya buɗe agogunan biyu ya san dalilin da ya sa ba a iya tare wannan guguwa ba. Ƙafar da ke lilo a cikin Seiko 5, agogon da alhazanmu suka fi so, tana bugawa sau 21,600 a awa, wato sau shida a daƙiƙa, kuma ƙura kaɗan ko bushewar mai tana isa ta sa shi gudu ko lattin minti guda a yini. Dutsen kwaz kuwa yana karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa, ba ya neman wani, ba ya neman a wanke shi. Ladanin da ke son ya kira Asuba a kan lokaci ba ruwansa da kyan ƙira, shi ya sa da Casio F-91W ya fito a 1989 ba a jima ba ya cika hannuwan mutane. Ina yaro a lokacin, ina jin manya suna kiransa agogon wasan yara.

A cikin dukan abin da na karanta, labarin da ya fi zauna mini shi ne na Cibiyar Ilimin Agogo ta Birtaniya, wadda aka kafa a unguwar Clerkenwell ta Landan a 1858. Tsoron kayan waje ne ya haife ta, kamar yadda ya haifi ta 1631, amma ita koyarwa ta sa gaba: darussan dare, jarrabawa, da mujalla da ta fara fitowa a shekarar da aka kafa ta kuma har yanzu tana fitowa. Ba ta ceci masana'antun Ingila ba, amma ta hana ilimin mutuwa, kuma a 1972 ta koma wani gida mai suna Upton Hall ta ci gaba da horar da masu gyara. Ita ma tsohuwar ƙungiyar 1631 ikon shiga shago da farfasa kaya ya daɗe da barin hannunta. Abin da ya rage mata mai rai shi ne taskar agogunan da ta fara tarawa a farkon ƙarni na 19, wadda aka mayar Gidan Tarihin Kimiyya na Landan a 2015, shekarar da mu muke neman inda za mu ajiye tebur.

Na kai wa Baba duk wannan a gidansa, idanunsa sun riga sun yi rauni ya daina aiki. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni yara nawa ne a hannuna suke koyo. Na ce babu ko ɗaya. Ya ce, to ɗana, wa za ka hana shiga, alhali kai ma ba ka shigo da kowa ba? Na rasa amsar da zan ba shi.

Dokar shekara biyar ba ta shiga takardarmu ba, kuma sai da na sha suka a zaure kafin a yarda, domin ni na fara cusa wa mutane ita. Daga Landan abu ɗaya muka ɗauka, wato binciken ha'inci, kuma a kan kanmu muka ɗora shi. Kowa a cikin sana'ar ya san cutar da ake yi: a kawo tsohon Omega ko Seiko na gado, mai gyara ya zare injin asali ya sa na banza, mai agogo ba zai gane ba sai bayan shekaru. Muka rubuta cewa duk ƙarfen da aka cire a miƙa wa mai shi a cikin takarda, kuma idan aka kawo ƙara, dattawa uku za su buɗe agogon a gaban kowa. Sau ɗaya aka yi haka, a kan agogon wata hajiya da mijinta ya rasu ya bar mata. Wanda abin ya shafa ɗan'uwanmu ne, tare muke sallah, kuma ranar na fahimci cewa rubuta doka a kan ɗan faranti ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan zartar da ita a kan maƙwabci. Ya mayar da injin, ya biya tara, ya yi wata uku ba ya gaishe ni.

Cikin yaran gyaran waya akwai wani da na taɓa kora daga gaban teburina da faɗa. Wata rana aka kawo mini agogon sallah mai kiran lokaci wanda wayar cikinsa ta tsinke, na juya shi na rasa yadda zan yi, dole na haɗiye girman kai na kai masa. Cikin minti goma ya liƙe ta da dalma a ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Yanzu duk ranar Asabar bayan Azahar yana rufe rumfarsa ya zo wurina. Ya nuna mini yadda ake auna wuta a jikin allon agogo mai batir, ni kuma makon jiya na ba shi wani tsohon Seiko 5 da mai shi bai dawo karɓa ba, na ce ya warware shi gaba ɗaya ya jera ƙarafan a kan farar takarda. Sukuru biyu sun kuɓuce masa, ya sami ɗaya a ƙarƙashin benci, ɗayan kuma har aka kira La'asar yana durƙushe yana nema.