Asabar: daren da muka tafa wa mai kare taba

Ƙarfe ɗaya saura na dare, kowa ya kwanta, ni kuwa barci ya ƙi zuwa. Gara in rubuta abin da ke cina tun yana da ɗumi.

Bayan sallar isha'i ƙanena ya shigo da abokansa uku, duk ɗaliban aikin jarida. Malaminsu ya ce su kalli wani fim ɗin Amurka kafin Litinin, ɗakinsu kuma babu wuta, shi ne suka taho da kwamfuta muka jona da talabijin ɗin falo. Maƙwabcina ya ji ƙarar janareto ya leƙo cajin waya, sai zama ya kama shi. Uwargida ta kawo shayi, ita ma ta ja kujera. Mu bakwai ke nan.

Sunan fim ɗin Thank You for Smoking, Jason Reitman ya ba da umarni, ya fito a 2005, daga littafin da Christopher Buckley ya rubuta a 1994. Aaron Eckhart ne ya fito a matsayin Nick Naylor, kakakin wata cibiyar bincike da kamfanonin sigari ke ɗaukar nauyinta. Sana'arsa baki. Ya shiga talabijin, ya shiga majalisa, ya yi kamun ƙafa, ya wanke taba tas.

Tun a fitowar farko aka kama mu. An zaunar da Nick a wani shirin talabijin kusa da yaro ɗan shekara 15 mai ciwon daji, kansa ba gashi, jama'ar zauren na ta yi wa Nick ihu. Sai ya juya zancen: wace riba kamfani zai ci idan yaron ya mutu, alhali asarar mai saye zai yi? Masu yaƙi da taba ne, in ji shi, suke cin moriyar mutuwar yaron. Kafin ka ce kwabo zauren ya koma tafi. Falona ma ya ɗauka. Ɗaya daga cikin yaran ya buga cinya ya ce, "Kai! Wannan mutumin ya iya baki!" Ni ma na yi dariya, kuma wannan dariyar ce ta hana ni barci yanzu.

Akwai inda yake koya wa ɗansa gardama da misalin askirim, cakulan ko banila. Bai tsaya nuna banila ta fi daɗi ba, sai ya mayar da maganar kan 'yancin mutum ya zaɓi abin da yake so. Ya nuna wa yaron cewa ba abokin gardamar ake son shawo kansa ba, 'yan kallo ake nema. Ƙanena ya tsayar da fim ɗin ya rubuta wannan a littafinsa, fuskarsa cike da sha'awa. Ban ce masa komai ba a lokacin, amma gabana ya faɗi.

Inda falon ya yi tsit shi ne gidan tsohon kaboyin tallar sigari, wanda cutar daji ta kama. Nick ya kai masa jaka cike da kuɗi don ya yi shiru, ya zazzage su a gabansa, ya kuma tsara maganar yadda mutumin ba zai iya mayar da su ba. Ina kallon tsohon nan, Kawu nake gani. Yatsunsa biyu na dama sun rine sun yi ruwan goro. Ina ƙarami yakan aike ni wurin mai tebur in sayo masa kara biyu, canjin ya ce in sha alewa, ni kuwa har addu'a nake ya aike ni. A shekararsa ta ƙarshe akwai gwangwanin madara a gefen tabarmarsa da yake tofa majina, daga ɗaki zuwa bakin zaure sai ya huta sau biyu yana dafe da bango. Allah ya jiƙansa da rahama.

Da aka gama sai gardama ta kaure. Ɗaya ya ce fim ɗin tallar taba ne a fakaice. Ƙanena ya ce a'a, ai daga farko har ƙarshe ba a nuna ko ɗaya daga cikin taurarin yana zuƙar sigari ba, kuma gaskiyarsa ne, sai da ya faɗa na lura. Wani ya ce shi darasin da ya ɗauka shi ne kowa ya yi tunani da kansa, kar gwamnati ta mayar da mutane yara. Uwargida, wadda ba ta cika sa baki ba, ta ce abin da ya dame ta shi ne sanatan nan na jihar Vermont, mai son a buga hoton ƙoƙon kai a kwalin sigari. Shi ne ke da gaskiya, amma an mayar da shi abin dariya, har mutum ya rasa gefen da zai tsaya sai na Nick.

Na ce musu su daina ɗaukar abin a matsayin wasa kawai, don Nick yana da iyaye a zahiri. A 1964 babban jami'in lafiya na Amurka, Luther Terry, ya fitar da rahoton da ya danganta sigari da ciwon dajin huhu. Shekara biyar bayan haka, a 1969, wata takardar cikin gida ta kamfanin taba na Brown & Williamson ta rubuta ƙarara cewa shakku shi ne hajarsu. Wato ba sai sun ƙaryata likitoci ba, ya isa su sa mutum ya ce ai har yanzu ba a tabbatar ba. A watan Afrilun 1994 shugabannin manyan kamfanonin taba bakwai suka ɗaga hannu suka yi rantsuwa a gaban kwamitin majalisar wakilai, ɗaya bayan ɗaya suka ce ba su yarda nikotin na kama mutum ba. A 1998 kamfanonin suka amince su biya jihohi 46 kimanin dala biliyan 206, a 2006 kuma alƙaliya Gladys Kessler ta yanke hukuncin cewa sun shafe shekaru da dama suna yaudarar jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara.

Ƙanena ya ce, "Amma Yaya, ai mu aikinmu ne mu san yadda ake juya magana." Na ce haka ne, ka sani don ka gane ta idan an yi maka a ɗakin hira, ka mayar da mutum kan tambayar da ya tsallake. Abin da nake tsoro shi ne yadda idanunku suka yi haske lokacin da yake yi.

Duk wannan maƙwabcina bai ce uffan ba, yana ta juya kofin shayi a hannunsa. Ya fi shekara ashirin yana shan taba. Can sai ya ce, "Malam, ku kuna ta maganar zaɓi. Zaɓina ɗaya ne, ranar da na karɓi ta farko ina ɗan aji uku. Sau huɗu ina bari, ko azumin bana na yi niyya, da an sha ruwa hannuna ke rawa. Gargaɗin Ma'aikatar Lafiya da ke jikin kwalin na haddace shi." Ba wanda ya amsa masa. Yaron da ya buga cinya ɗazu ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma.

Na san dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Amma jiya da yamma na ga yaro da bai wuce sa'an ɗana ba a gaban mai tebur, an aiko shi, kamar yadda ake aikena.

Wajen sha ɗaya suka watse. Na raka maƙwabcina bakin ƙofa, ya zare cajarsa, muka yi sai da safe. Ina kashe janareto unguwa ta yi shiru, sai na ji ƙyastin ashana ta bayan katanga, sannan tari, dogo, irin na Kawu.