Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ƙauyen da ya rufe kansa

A makon jiya na tsaya inda aka ce in bar Sheffield in koma ƙauye, in zauna gidan wata tsohuwa ina kula da ita dare da rana. Da na faɗa wa Yaya a waya, sai ya ce, "Ke ƙanwata, ƙauye kuma? Akwai wuta da ruwa dai ko?" Ban ga laifinsa ba, don ni ma abin da ya fara zuwa raina ke nan.

Eyam sunan garin, ana furta shi Iim, a cikin tsaunukan Derbyshire a ƙasar Ingila. Mutanensa ba su wuce dubu ɗaya ba. Gidajen duk na dutse ne, har katangar gonaki dutse ne aka jera ba siminti, tumaki na kiwo a ciki. Akwai firamare, da ɗakin likita, da shago, da wuraren shan shayi, da bas mai zuwa Sheffield wadda idan ta wuce ki sai kin yi dogon jira. Masallaci da naman halal kuwa sai birni. A Disamba na iso, lokacin da magariba ke yi kafin ƙarfe huɗu.

Tsohuwar tawa ta haura tamanin. Mahaifinta ya yi aikin haƙar ma'adinai, don da can da dalma aka san garin. "Agwagwa" take kirana. Ranar farko raina ya ɗan sosu, sai da na ji mai shago ma ya kira ni haka na gane kalmar ƙauna ce a bakin mutanen yankin. Ni kuma Kaka nake ce mata, na gaya mata ma'anarsa, ta karɓa.

Ranar da aka samu ɗan hasken rana na tura ta a keke muka fita. Kusa da coci na ga wasu gidaje da alluna a gabansu, an jera sunaye da ranaku. Kaka ta ce in tsaya. A nan ta ba ni labarin da har yau bai sake ni ba.

A shekarar 1665 aka kawo wa telan garin ƙunshin yadi daga Landan, inda annobar ɗa'un ke ta kashe mutane. Ashe akwai ƙuma a ciki. Wanda ya kwance ƙunshin, George Viccars, ya rasu a watan Satumba, ciwon ya shiga gida-gida. Da bazarar 1666 ta kama abin ya tsananta, mutane suka fara shirin gudu. Sai limamin cocin, William Mompesson, da wanda ya riƙe muƙamin kafin shi, Thomas Stanley, waɗanda aƙidarsu ta sha bamban, suka haɗa baki suka roƙi jama'a kada kowa ya fita, don kada su kai mutuwa garuruwan maƙwabta. Kuma suka yarda. Suka shata wa kansu iyaka. Aka daina taruwa cikin coci, sai a fili kowane iyali nesa da wani. Kowane gida shi ke binne gawarsa. Basaraken yankin da ke zaune a Chatsworth na aiko da abinci a ajiye a bakin iyaka. Akwai wani dutse mai ramuka shida a hanyar Stoney Middleton, ƙauyen da ke maƙwabtaka da su, nan suke zuba ruwan khal su jefa kuɗi a ciki, masu kawo kaya su ɗauka. Cikin wata 14 kimanin mutum 260 suka rasu, har da matar limamin, Catherine.

Ina riƙe da hannun keken jikina ya yi sanyi. Na ce, "Kaka, mu ma an umarce mu da haka." Na faɗa mata hadisin da muka haddace tun a Islamiyya, cewa idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta faɗo kuna ciki kada ku fita don gudunta. Sau nawa na karanta shi ban taɓa tsayawa na auna nauyinsa ba. Sai ga shi na tsaya a garin da uwa ta kalli 'ya'yanta, ta kalli hanya a buɗe, ta zauna. Kaka ta ce in maimaita. Na maimaita, ta yi shiru.

Ranar hutuna na hau tudu ni kaɗai zuwa kaburburan Riley, a tsakiyar gona, an kewaye su da 'yar katanga. Wata mata, Elizabeth Hancock, ta binne mijinta da 'ya'yanta shida a nan cikin kwana takwas, a watan Agustan 1666, da hannunta. Na ƙirga duwatsun, na tuna nawa uku da na baro wa Inna a Zariya. Rabon da in yi kuka irin na ranar tun rasuwar mahaifinsu.

Da na koma Kaka ta ga idona, ba ta tambaye ni ba. Ta ce in ɗora ruwan shayi, ta kuma sa na yi mata alkawarin zan kai ta Cucklett Delf, filin da suka riƙa yin ibada lokacin annobar, ranar Lahadin ƙarshen Agusta, inda duk shekara ake taruwa a fili a tuna da waɗanda suka rasu. Na ce in Allah ya kai mu.

Kwana tara bayan nan dusar ƙanƙara ta rufe hanyar da ke hawowa garin. Wajen ƙarfe biyun dare na ji ƙarar faɗuwa daga ɗakinta, na ji tana kiran Agwagwa. A nan za mu tashi mako mai zuwa, da yardar Allah.