Tsuntsayen bayan gidanmu a sanyin Winifeg

Duk wanda ya taso a ƙauye ya san aikin yara ne korar jan baki daga gonar gero, a wuni ana kaɗa gwangwani ana ihu. To nan Kanada kuɗi mutane ke sawa su sayo geron a buhu su zuba ma tsuntsaye, kanti guda za ka ga ba abin da ake sayarwa sai abincinsu. Da na gaya ma Baba a waya shiru yayi, can yace to Allah ya kyauta.

Amma wallahi sai ka ga sanyin garin nan za ka gane. A Janairu yana kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili, dusar ƙanƙara ta binne komai, ba ƙwaro ba ciyawa ba ruwa, yawancin tsuntsaye sun gudu kudu tun kaka, waɗanda suka rage kuwa kullum cikin neman abin da zai kai su safiya suke. Akwai wani ɗan mitsitsi mai baƙin kai da ake kira cikadi, bai kai gwara ba, shi da dare rage zafin jikinsa yake don kar kitsensa ya ƙare, kuma in ya ɗauki ƙwaya ba nan take yake ci ba, sai ya je ya cusa ta a ɓawon itace ya dawo mata daga baya, kuma yana tuna inda ya sa.

Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ita ta fara nuna min yadda ake taimakon tsuntsayen. Ta ganni da tsintsiya ina ta fama da busassun ganye kafin ƙanƙara ta sauko, tace in tara su gindin shinge in ƙyale, har busassun furannin ma kar in sare, 'ya'yansu abinci ne. Wannan kam yayi min wuya, mu da aka raina da sharar tsakar gida safe da yamma. Na dai bari.

Abinci kuwa baƙaƙen 'ya'yan sanfulawa sun fi gero karɓuwa nesa ba kusa ba, sai gyaɗa marar gishiri, sai kitsen saniya da nake karɓowa wajen mai naman halal in rataye cikin raga, tsuntsayen nan masu ƙwanƙwasa itace suna son shi sosai. Banda burodi, cika ciki kawai yake ba amfani. Ruwa shine babban aiki don yanzu ka zuba yanzu ya daskare, dole na sayi kwano mai hita a ciki na jona da soket ɗin waje, uwargida tace kuɗin wuta fa, nace sadaka ce.

Kurege ne dai ɓarawon unguwa, duk dabarar da kayi sai ya hau. Zomaye kuma suna gaigayar ɓawon ƙananan itatuwa, sai an naɗe musu waya. Abin da ya zube ƙasa a riƙa kwashewa kar ɓeraye su saba, mai gida ba zai ji daɗi ba.

Yanzu tsohuwar ta sa sunan yarana cikin masu ƙidayar tsuntsaye ta ƙarshen Disamba, wadda ake yi tun 1900, ta ma ara musu madubin hangen nesa. Ni dai nace in sanyin ya wuce 25 daga taga zan yi tawa ƙidayar.